Nas, CHEW ko famasi? Abin da na faɗa wa 'yar ƙanena kafin ta sayi fom

Washegarin fitowar sakamakon NECO ƙanena ya turo mini 'yarsa har gida a Tudun Wada, da takardu huɗu a cikin leda. Kiredit ɗinta sun cika a zama ɗaya: Turanci, Lissafi, Bayoloji, Kemistiri da Fiziks, waɗanda kusan kowace makarantar koyon aikin lafiya ke nema, kuma ba a yarda su wuce zama biyu ba. Takarda ta farko ta kwalejin koyon jinya ce. Ta biyu ta kwalejin kimiyyar lafiya, mai jerin kwasa-kwasai. Ta uku tallar wani asibitin kuɗi ce, wai zai mayar da ita nas cikin wata tara. Ta huɗu daga waya ta bugo ta: kwas na sati shida ta intanet, a ƙarshe a ba ta satifiket na "mai ba da magani" irin na Amurka.

"Baffa, ni burina dai in riƙa ba marasa lafiya magani," in ji ta. "Wanne ya fi sauri?"

Na ce mata sauri ya haifi nawa. Na daɗe a bayan tagar famasi ina ƙirga ƙwayoyi, kuma duk yaron da ya kawo mini irin wannan shawara tambaya biyu nake sa shi ya yi wa kowace takarda. Wace hukuma ce za ta ba ka lasisi idan ka gama? Kuma ranar da ka miƙa wa mutum magani, wa doka ta ɗora wa alhakin sa ido a kan aikinka? Takardar da ta kasa amsa waɗannan, komai kyan bugunta, kallon kitse ake yi wa rogo.

Ta huɗun muka fara ɗauka, don ita ta fi ɗaukar mata hankali. Aikin da take talla akwai shi da gaske, amma a can. A jihar Maryland ta Amurka, alal misali, mutum kan yi horon awa 20, hukumar jinya ta jihar ta yi masa rajista, ya riƙa ba da magani a gidajen kula da tsofaffi da masu buƙata ta musamman. Sai dai duk ƙwayar da ya miƙa, a ƙarƙashin lasisin wata cikakkiyar nas yake miƙa ta. Ita ta duba majinyacin, ita ta yanke hukuncin cewa wannan aikin za a iya danƙa wa wani, kuma dole ta dawo ta sake dubawa aƙalla duk kwana 45. Horon gajere ne saboda akwai mai dogon horo tsaye a bayansa. A Najeriya babu hukumar da ke ba da wannan lasisin, kuma satifiket ɗin da aka saya ta intanet daga Gombe bai zo da nas ɗin da za ta tsaya miki ba. Tsofaffinmu ma a gida suke, 'ya'ya da jikoki ke miƙa musu maganin hawan jini.

Abin da ya fi kama da wannan tsarin a wajenmu shi ne rabon maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro da ake yi da damina a jihohi irin su Bauchi. Masu rabon horon 'yan kwanaki suke samu. Suna bin gida-gida wata-wata, su ba yara 'yan wata 3 zuwa 59 kashin farko a gaban idonsu, su bar wa uwa na kwana biyun da suka rage. Magani iri ɗaya ne, an riga an raba shi bisa shekarun yaro, an koya musu cewa yaro mai zazzaɓi asibiti ake tura shi, kuma ma'aikacin asibitin yankin ne ke duba takardunsu. Aiki ne mai amfani ƙwarai, amma na lokaci ne, ba sana'ar da za a gina rayuwa a kanta ba.

Takarda ta uku ba ta ci mana lokaci ba. Abin da ake kira ogziliyari nas ba shi da gurbi a rajistar Hukumar Jinya da Ungozoma ta Najeriya, wato NMCN. Za ta koyi allura da sa ƙarin ruwa, hannunta ma ya faɗa, a ɗinka mata farar riga. Amma gwamnati ba za ta ɗauke ta a matsayin nas ba, kuma ranar da aka samu matsala, mai asibitin yana da lasisinsa da lauyansa, ita ba ta da komai. Na taɓa ganin yarinya irin wannan ta shekara shida tana dutin dare a wani asibitin kuɗi, da ta je neman aikin gwamnati aka ce ta koma ta fara daga aji ɗaya.

Saura hanyoyi uku na gaske, kowace da hukumarta.

Tawa zan fara da ita, don kada a ce na ɓoye son kai. Mataimakin mai haɗa magunguna, wanda muke kira famasi teknishan, a kwalejojin kimiyyar lafiya ake horar da shi, irin ta Kaltungo a nan Gombe da ta Ningi a Bauchi. Mu a zamaninmu shekara uku muka yi. Bayan jarrabawar makaranta akwai ta ƙasa wadda Hukumar Harhaɗa Magunguna ta Najeriya, PCN, ke shiryawa, sai ka ci ta za a yi maka rajista, kuma takardar izinin aikinka sabunta ta ake yi. Dokar da hukumar ke aiki da ita yanzu ta 2022 ce, wadda ta maye gurbin ta 1992. Aikin kuwa: karɓar kati, karanta rubutun likita, ƙirgawa, rubuta yadda za a sha, lura da ranar da magani zai lalace, kula da firji, cike littafin sito. Mai sa ido a kanka cikakken famasis ne, mai digiri na shekara biyar ko shida, irin wanda Jami'ar Jihar Gombe ke yayewa. Nas ba ta da iko da kai, kai ma ba ka da iko da ita.

Daɗin wannan aikin shi ne za ka san magani ciki da waje, ka san wanda ba a haɗawa da wani, ka gane na jabu tun daga kwalinsa. Wahalar jiki ba ta kai ta masu jinya ba. Sai dai ga mai burin tsayawa a bakin gado, nan ba wurinsa ba ne: kai ta taga kake ganin majinyaci, sau da yawa ma ɗan'uwansa kake gani. Kuma tsanin gajere ne. A 2024 hukumar kula da ilimin fasaha, NBTE, da PCN suka cimma yarjejeniyar daina babbar difloma a wannan fanni, aka bar ƙaramar. Wanda yake son ya wuce nan, jami'a zai nufa ya karanta famasi. Shagon famasi cikakke ma ba za ka buɗe da takardarka ba, wannan na famasis ne. Iyakarka ka nemi lasisin kemis.

Tunda na ambaci kemis, bari in ɗan ratse, don samari da yawa can idonsu yake. Lasisin kemis ma PCN ke bayarwa, kuma abin da ya halatta maka shi ne sayar da magungunan da ba sa buƙatar takardar likita, a cikin kwalinsu na asali. Bai ba ka izinin yin allura ko sa ƙarin ruwa a bayan labule ba, ko da unguwa duk tana kiranka dakta. Tun daga 2018 da gwamnatin tarayya ta hana shigo da maganin tari mai kodin da sarrafa shi, idon NAFDAC da NDLEA ya ƙara buɗewa a kan shaguna, kuma tiramadol ya kai mutane da yawa inda ba su zata ba. Kasuwanci ne, ba matakin karatu ba.

Hanya ta biyu ita ce ta ma'aikacin lafiyar al'umma, CHEW, kuma a nan na fi daɗewa da yarinyar, domin a ƙauyukanmu su ne asibitin. Asalin wannan rukuni yana komawa ga shirin kiwon lafiya a matakin farko da aka fara a tsakiyar shekarun 1970, ya ƙara ƙarfi bayan taron lafiya na duniya da aka yi a Alma-Ata a 1978 da kuma zamanin da Farfesa Olikoye Ransome-Kuti ya riƙe ma'aikatar lafiya, daga 1985 zuwa 1992. Hukumar da ke yi musu rajista, CHPRBN, a 1992 aka kafa ta. Ƙaramin mataki, JCHEW, shekara biyu ne, kuma yawancin aikinsa a cikin gari yake, gida-gida. CHEW shekara uku. Daga nan akwai CHO, matakin babban jami'in lafiyar al'umma, wanda ake yi a asibitocin koyarwa bayan an yi aiki.

Abin da ya bambanta CHEW da mu duka shi ne yana duba mara lafiya ya rubuta masa magani da kansa. Amma ba da ka yake yi ba. Akwai littafin ƙa'idojin aiki da suke kira sitandin oda, wanda ya jera masa: idan yaro ya zo da kaza da kaza, tambayi wannan, duba wancan, ba da wannan gwargwadon nauyinsa, idan ka ga wannan alama tura shi gaba. Muddin yana cikin littafin, doka na bayansa. Ya fita daga ciki, shi kaɗai ne. A 2014 gwamnatin tarayya ta fito da manufar raba ayyuka saboda ƙarancin likitoci da nas-nas, wadda ta ba CHEW da ya samu ƙarin horo damar karɓar haihuwa, da ba da maganin tsayar da zubar jini bayan haihuwa, da yin allurar farko ta jijjigar masu ciki kafin a tura mace babban asibiti, da sa ashanar tazarar haihuwa.

Gombe mazaɓu 114 gare ta a ƙananan hukumomi 11, Bauchi na da ƙananan hukumomi 20, kuma burin da ake bi shi ne kowace mazaɓa ta samu asibitin matakin farko mai aiki. Waɗannan wuraren CHEW ne ke cike su, shi ya sa mai wannan takarda ya fi samun damar aiki kusa da garinsu. Ga yarinyar da iyayenta ko mijinta ba za su yarda ta yi nisa ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ga kuma matan karkara da suka fi sakin jiki idan mace ce za ta duba su.

Amma na faɗa mata ɗaya gefen ba tare da na rage ba. A takarda, akwai CHO ko nas ko ungozoma a sama da CHEW, sannan jami'an lafiya na ƙaramar hukuma na zuwa duba aiki. A zahiri, za a iya tura ki ƙauye shekara ɗaya da gama makaranta, ki tarar ke ce incaj, ke ce mai allurar rigakafi, ke ce mai sito. Ƙarfe biyun dare a kawo mai naƙuda tana jijjiga, hanya ta yanke saboda ruwa, babu wanda za ki waiwaya ki tambaya sai littafi da waya. Wasu wannan ke gogar da su har su fi na birni ƙwarewa. Wasu kuma nan suke ɗaukar mugun sabo, irin na yi wa kowane zazzaɓi allura don mutane sun fi yarda da ita, ba wanda ya gani balle ya gyara musu. Takardar CHEW kuma ta gida ce, an tsara ta don tsarin Najeriya. Mai mafarkin Saudiyya ko Ingila ya san da wannan tun yanzu.

Hanya ta uku, jinya. A da shekara uku ake yi a fito da RN, wato takardar cikakkiyar nas mai rajista, ungozoma ma shekara uku, wanda ya riga ya yi ɗaya ya ƙara wata 18 ya haɗa biyun. Yanzu kwalejoji da yawa sun koma tsarin ƙaramar difloma da babba, shekara huɗu, kuma ta JAMB ake shiga. Digiri a jami'a shekara biyar ne, da shekara guda ta sanin makamar aiki. Akwai kwalejin jinya ta jiha a nan Gombe, akwai ta Aliko Dangote a Bauchi, ga manyan wuraren koyon aiki irin Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Gombe da na Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi. NMCN, wadda dokarta ta 1979 ce, ita ke shirya jarrabawar ƙarshe, kuma lasisi duk shekara uku ake sabunta shi, bayan an halarci kwas na ƙarin ilimi. Akwai kuma gajeren tsari na shekara biyu, na ungozoma ko nas ta al'umma, wanda aka yi don a koma a yi wa ƙaramar hukuma aiki. Lasisinsa na gaske ne, amma iyakarsa ta fi ƙunci.

Idan maganar ba da magani ce hannu da hannu, aikin nas ne. Likita ya rubuta, mu mu fitar, ita ce ta ƙarshe kafin ya shiga jikin mutum. Tun aji ɗaya ake sa su haddace abubuwa biyar: shin wannan ne majinyacin, wannan ne maganin, adadin daidai ne, ta baki ne ko ta jijiya ko tsoka, kuma lokacinsa ya yi? Sannan ta rubuta ta sa hannu. Idan ta ga adadin ya yi wa jariri yawa, haƙƙinta ne ta dakata ta kira likita, kuma idan ta yi shiru ta bayar, "ai haka aka rubuta" ba zai wanke ta ba. Makullin akwatin magunguna masu haɗari, irin su mofin da fetidin, a hannun nas mai riƙe da ɗaki yake, kuma duk canjin duti sai an ƙirga an sa hannu a littafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangamin rage cutarwar magani a 2017, ta kuma ƙiyasta cewa kurakuran magani na cin kusan dala biliyan 42 a shekara a duniya. Wani kaso na waɗannan kurakuran a wannan minti na ƙarshe ake kama shi ko ya wuce.

Misalin da na ba ta na Kaltungo ne, inda asibitin masu saran maciji yake. Manomi ya zo kububuwa ta sare shi, jininsa ya ƙi daskarewa. Irina ne zai tabbatar maganin dafin yana nan, an adana shi yadda ya kamata, bai lalace ba. CHEW ɗin ƙauyensu ne ya hana a tsaga wurin ko a ɗaure ƙafar tamau, ya sa aka taho da shi da wuri. Amma wadda za ta sa maganin a jijiya ta zauna tana kallon numfashinsa da bugun jininsa, da adirenalin a kusa ko jikinsa zai ƙi karɓa, nas ce. Da na gama sai ta ce, "To Baffa, ai wannan nake nufi."

Nas sabuwa kuma ba a sakin ta ita kaɗai a babban asibiti. Akwai babbar ɗaki, akwai metiron, akwai miƙa aiki safe da yamma da dare inda za a tambaye ki gado bayan gado. Faɗan yana da zafi, amma a nan hannu ke gyaruwa. Bayan 'yan shekaru ke ce za ki koma mai sa ido a kan ɗalibai da masu taimakawa, ki yanke abin da za a iya danƙa musu da wanda ba za a iya ba, laifinsu kuma ya biyo ta kanki. Farashin wannan hanya: gurbi ya yi kaɗan, masu nema sun yi yawa, karatun ya fi tsawo, ga dutin dare da Sallah a wurin aiki. A madadin haka matakin albashin farawa ya fi na sauran biyun, fannonin ƙwarewa a buɗe suke, daga tiyata zuwa ido zuwa yara, kuma ita ce takardar da ƙasashen waje suka sani.

Kowace aka zaɓa, akwai ramin da ya fi cin yara a 'yan shekarun nan. Makarantun lafiya masu zaman kansu sun yawaita, wasu nagari, wasu gini ne da allo kawai. Izinin gwamnatin jiha daban, amincewar hukumar sana'a daban, kuma kwas-kwas ake amincewa, ba makaranta ɗungurungum ba. Makaranta na iya samun izinin CHEW ba ta da na famasi. Ko mai izinin ma an ƙayyade mata adadin ɗaliban da za ta ɗauka, kuma sai hukuma ta shigar da sunan ɗalibi a rajistarta, abin da ake kira indezin, kafin ya zauna jarrabawar ƙasa. Wanda aka ɗauka a kan adadi zai biya kuɗin shekara uku, ya yi furaktikal, ranar jarrabawa a ce ya jira baɗi. Kafin a biya ko sisi, a nemi sunan makarantar da na kwas ɗin a jerin hukumar, a tambayi adadin da aka ba su da adadin da ke aji, a nemi wanda ya gama bara a ga lasisinsa da ido. Biyan kuɗi kafin wannan sayen kifi a ruwa ne. A lissafin kuɗi kuma a sa na indezin, da na jarrabawar hukuma, da yunifom, da kuɗin mota da masauki lokacin furaktikal, don su ne ba a rubutawa a takardar talla.

Ni dai ga yadda na auna mata. Mai son bakin gado, mai juriyar dare, wadda gida zai iya riƙe ta shekara huɗu ko biyar, ta nemi jinya, ko da sai ta sake JAMB. Wanda yake son ya zauna cikin mutanensa, ya fara aiki da wuri, kuma ba ya tsoron yanke shawara shi kaɗai, CHEW ta dace da shi, da sharaɗin ya yi ƙoƙarin shekarunsa na farko su kasance a asibitin da ke da ungozoma ko CHO, sannan ya sa niyyar ƙaro karatu. Mai son lissafi da tsari, wanda jini ke tayar masa da zuciya, ya zo wajenmu, amma ya shigo da sanin inda tsanin ya tsaya.

Ta tattara takardunta, ta bar mini biyu a kan tabarma. Da daddare mahaifinta ya kira ni, ya ce, "Yaya, ta ce jinya za ta nema, amma in ba a samu ba fa? Kada ta zauna shekara guda a gida." Na ce ya saya mata fom ɗin CHEW ma ya ajiye, kuma ranar Litinin ya zo mu duba jerin makarantun tare kafin ya cire kuɗi.